Yau Layi Ya Zo Kanki

Azare,
Laraba, bayan azahar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayarsu,

Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin sauka lafiya, kin samu masauki mai kyau. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba mu da kowa sai Shi. A ƙarƙashin robar yaji na saka ta, don na san shi za ki fara nema ranar da abincinsu ya gagare ki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, don ba ki daɗe da barinsa ba. Jiya ina tankaɗe a bayan ɗakinku na ji ƙanwarki Zainab tana tambayarki ko mun yi sallama, kika ce, "Umma ai ba ta damu ba. Ko na tafi ko na zauna duk ɗaya ne a wurinta." Da a ce da fushi kika faɗa, da ya fi mini sauƙi. Kin faɗa ne kamar mai cewa yau Talata. Na daɗe tsaye da rariya a hannu. Ba zan bari ki haye teku da wannan zaton ba, bakina kuwa kin san shi, ba zai iya ba. Shi ya sa yau na kashe injin niƙana da wuri, na ari biron Zainab. Rubutun 'yar aji uku ne, ki yi haƙuri da shi.

Kin tuna ranar da kika dawo daga Gadau bayan kin kare aikinki na gama jami'a? Babanku yana kan tabarma a gindin darbejiya, ya ce, "To, Yayarsu, a Hausance dai, me kika yi shekara huɗu kina yi?"

Kika ce, "Baba, kwamfuta da wayar da ke hannunka duk suna da abin da ke yin aikin a ciki, mu ce ƙwaƙwalwa. Na yanzu ba ɗaya ba ce, sai ka samu huɗu ko takwas. Ayyukan da ke jira kuwa sun fi su yawa nesa ba kusa ba: ga kira, ga saƙo, ga karatun da kake saurare, ga agogo. To a cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar akwai mai raba layi. Shi ke cewa wane aiki zai hau wace ƙwaƙwalwa, kuma na tsawon wane lokaci. Nawa aikin shi ne yadda zai raba da adalci."

Babanku ya yi dariya ya ce, "Au, ashe injin niƙan Ummanku kika je kika karanto."

Ni ina gefe ina tsintar shinkafa, kaina a sunkuye kamar ba na ji. Wallahi ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Shinkafar nan sau uku na tsince ta don kada in tashi. Zuciyata ta cika har ina jin kamar zanina ya yi mini kaɗan: 'yata ce wannan, wadda daga baya turawa suka karanta aikinta suka ce ta zo ta ƙara karatu a wurinsu. Kuma duk kuskuren da kika ce mai raba layi yana iya yi, na yi shi da hannuna a ɗakin injin nan. Bari in faɗa miki su, ko za su yi miki amfani.

Lokacin da babanku ya sayo mini injin farko kina goye a bayana. Dokata ɗaya ce: wanda ya riga zuwa shi ke riga samu. A ganina babu adalcin da ya wuce haka. Sai ga Maman Uche, 'yar Ibon nan mai sayar da garin masara a kasuwa, wadda ta fi wasu 'yan gari jin Hausa. Ita da sassafe take zuwa, da buhu biyu. In na ɗora nata, sai kowa ya zauna. Wata rana Iya Habi, tsohuwar bayan layinmu, ta kawo ɗan kwanon dawarta na tuwon rana. Ta zauna tun hantsi har aka kira azahar, jikokinta suka taso daga makaranta ba ta ɗora tukunya ba. Da za ta tafi ta ce, "Rabi, abin da na kawo ko tari kika tsaya yi ya fi shi daɗewa, amma kin ajiye ni kamar na zo zaman makoki." Na bi doka, amma na zalunci tsohuwa.

To ki riƙe wannan. Riga zuwa ba ya ba mutum damar tare hanyar kowa. Duk inda aka ba ki rabon wani abu, lokacin malami ne ko na'urar makaranta, ki duba bayanki ki ga wa ke jira, kuma me ya kawo.

Kin san halina, in na tuba ina wuce gona da iri. Washegari na juya dokar: mai ƙaramin kwano shi ne gaba. Iya Habi ta yi ta sa mini albarka. Abin da ban lura ba shi ne ƙananan kwanuka ba sa ƙarewa. Ina gama wannan wani ya shigo. Maman Uche ta zauna a kan buhunta tana fifita da gefen zani har la'asar, kasuwa ta watse ba ta kai gari ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Madam Rabi, na daɗe a garin nan, sai yau na san girma laifi ne. Gobe a cokali zan riƙa kawo miki masarar." Matan wurin suka kwashe da dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Daga nan na koyi yankawa. Kwano biyar daga buhu, sai in dakata in sallami mai ƙarami, sai in koma kan buhu. Kin ce haka na'urarku take yi: kowane aiki a ba shi ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, a sauke shi a ɗora wani, da sauri har mutum ya zaci duk tare suke tafiya. Da kika ƙara da cewa in an yanka lokacin ƙanana da yawa sai sauyin kansa ya cinye ranar, saura kaɗan in yi magana. Na gwada kwano ɗaiɗai, na wuni ina cire daro ina saka daro, ina kakkaɓe bakin injin, niƙan da aka yi bai taka kara ya karya ba.

A can za ki samu babban buhu, wato binciken da ya kai ki. Za ki kuma samu ƙananan kwanuka da ba sa ƙarewa: saƙon ƙawa, gayyata, wannan ya ce taimaka mini, wancan ya ce duba mini. Na san ki, ba kya iya cewa a'a. Kada ki bar buhunki ya wuni a ƙasa. Kada kuma ki hau kansa ki manta da salla a kan lokaci, da abinci, da barci. Ki yanka, amma yanka mai kauri.

Injin na biyu ya zo ne shekarar da aka yaye Zainab. Babanku in ya taso daga koyarwa sai ya cire babbar riga ya tsaya a kansa. Layi ya zama biyu. Mata kuwa suna jin nauyinsa, Malam ne, sai duk su taru a nawa. Ni gumi har cikin ido, shi injinsa yana ta kuka a banza. Ban taɓa cewa ya taimake ni ba, girman kai ya hana. Shi ma bai taɓa cewa komai ba. Sai dai in ga ya tako a hankali, ya je can ƙarshen layina ya ɗauki daro ɗaya, ya koma. In ya gama ya dawo ya ɗauki wani. Gari ya sauka a kan gashin idonsa ya yi fari, ya kalle ni ta cikin ƙurar ya ɗan yi murmushi. Babanku bai iya daɗin baki ba, ko lokacin da yake zuwa zance gidanmu a Katagum rabin hirar shiru ce. Amma duk daron da ya ɗauke daga layina na san me yake faɗa. In Allah Ya kawo lokacin da wani zai ce yana sonki, ki bar kunnenki ya huta, ki sa ido: in hannunsa ba komai naki kuma ya cika, yana tasowa?

Kin ce a na'urarku ma haka ne, kowace ƙwaƙwalwa da layinta, wadda ta rasa aiki sai ta leƙa layin 'yar'uwarta ta ɗauko. Kin kuma ce ɗaukowar ba kyauta ba ce, don kowace tana riƙe da ragowar kayan aikin da take kai a kusa da ita, in aka mayar da aiki wani wuri sai ya fara tattaro nasa daga farko. Wannan ma na biya kuɗin makarantarsa da mutuncina. Wata Alhamis aka kawo alkama daga Misau, ta alkakin garar wata amarya. Layina ya yi tsawo, na ga na babanku ya sarara, na ɗauka da kaina na juye a nasa ba tare da na tambaya ba. Ashe barkono ya gama niƙawa. An yi alkaki, an tsoma a zuma, an jera a fanteka an kai gidan ango. Aka ce dangin ango suna ci suna share hawaye, kowa yana jin kunyar ya fara magana. Sai da na je Misau da ƙafata na ba uwar amarya haƙuri. Har yau in na miƙa wa babanku shayi sai ya ce, "Ummansu, da yaji ko babu?"

Don haka in hannunki ya sarara ki duba na kusa da ke. In naki ya yi yawa ki bari a rage miki, ba gazawa ba ce. Amma kada ki zama mai tsalle daga wannan malami zuwa wancan, daga wannan aiki zuwa wancan, don kawai kin hango wani wuri da sauƙi. Kowane wuri da ragowar abin da aka niƙa a cikinsa. Ki tambaya kafin ki juye.

Akwai abin da kika faɗa ranar da ya sa babanku ya gyara zama. Kin ce a ɗauka mata uku ne, injin biyu. Ɗaya ta samu injin ita kaɗai, biyu suna karɓa-karɓa a ɗayan. Kowane injin in ka tambaye shi zai ce ya yi adalci a layinsa, amma wadda take ita kaɗai ta samu ninkin na sauran. Kin ce a nan naki gyaran yake: yadda mai raba layi zai riƙa duban gidan gaba ɗaya, ya san lokacin da ya dace a yi musanya, ba tare da an yi ta jigilar kaya a banza ba. Shekara ashirin ina cikin ƙurar nan ban taɓa ganin haka ba, sai da 'yar cikina ta nuna mini. Ranar ko abincin kirki ban iya ci ba don daɗi.

Yanzu saura babban. Na yi ta kewaye-kewaye ne kafin in iso gare shi.

Babanku ya tambaye ki, "To aikin da ba ya ƙorafi fa? Wanda ya yi shiru a ƙarshen layi?"

Kika ce, "Ai ba a jiran ya yi ƙorafi, Baba. Mai raba layi yana riƙe da yawan lokacin da kowa ya samu. Duk sanda wuri ya buɗe, sai ya duba wanda ya fi kowa ƙarancin samu, shi zai ɗauka."

Ya ce, "Ke kika ƙirƙiro wannan?"

"A'a, masana sun daɗe da shi. Amma ban sha wuyar gane shi ba. Na daɗe ina tsayawa a bakin ƙofar injin ina kallon layi."

Ba ki kalle ni ba da kika faɗa, na kuma san ba da ni kike ba. Amma a nan tsintar shinkafar ta gagare ni.

Ke ce 'yar farina. Ni kuwa Bafulatanar Katagum ce, kin san yadda muke. Dada, mahaifiyata, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babban wanmu ba. Ranar da aka haife ki, da aka miƙo mini ke, na kau da kai saboda ɗakin cike yake da mata. Sai da kowa ya fita na buɗe zanin na ƙirga yatsunki ɗaya bayan ɗaya, na shinshina kanki. Haka muka fara, ni da ke: so a ɓoye. Ban kira sunanki ba. Da kika yi ƙanne sai na samu mafita, na bi bakinsu ina ce miki Yayarsu. In aka yabe ki a gabana sai in tashi in nemi aiki.

Ban ce al'adar nan mugunta ce ba. Tana da kyanta, tana koya wa uwa kada ta cika baki da abin da Allah Ya ba ta. Laifin nawa ne. Zainab in tana son abu duk unguwa sai ta ji. Auta in ya yi tuntuɓe sai na kashe injin. Ke ba kya kuka, ba kya maimaita magana. Sai na mayar da shirunki hutuna. Duk sanda wuri ya buɗe, mai ƙara nake ɗauka. Babanku ya taɓa ce mini, "Ummansu, Dada sunan yarinyar nan ta hana ki kira, ba ta hana ki sauraronta ba." Na ce masa ai ita mai hankali ce, ba ta da matsala. Kin ji irin hukuncin da ake yi wa mai hankali.

Akwai ranar da ba ta barina. Kina aji shida na firamare, ranar ba da sakamako. Kika zo da takarda a hannu kika tsaya a bakin ƙofar injin. Na gan ki tun daga nesa, na ga yadda kike tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta taɓa ki ba. Maman Uche ta karɓa ta duba, ta ɗaga murya ta ce, "Madam, 'yarki ta zo na ɗaya fa!" Duk matan layi suka juyo suna kallona, a ga me zan yi. Na ce, "A ajiye can, aiki nake." Na ƙara wa injin wuta. Ba ki tafi ba. Kin tsaya kina jiran in gama da wannan daron, sai na gaba, sai na gaba, har gari ya mayar da shuɗin hijabinki fari. Da kika ga wata ta sake shigowa da kwano, sai kika ajiye takardar a kan buhu, kika ɗora ɗan dutse a kai, kika shige gida. Daga ranar ba ki sake kawo mini sakamako ba. Babanku kike kai wa.

Abin da ba ki sani ba shi ne takardar nan tana cikin akwatina, a ƙarƙashin zannuwan aurena, gefenta ɗaya da tabon gari. Duk wadda kika kai wa babanku bayanta, daga hannunsa nawa take zuwa. Suna nan a jere, har hoton takardar turawan nan da Zainab ta fitar mini a shago. In gida ya yi shiru nakan buɗe in karanta, har da waɗanda ba na gane turancinsu. Maman Uche ta gaji da ni, ta ce in na sake nuna mata sai ta fara ba ni maki. Amma me ɓoyayyen alfahari ya amfana wa yarinyar da ke tsaye a bakin ƙofa? Ki yafe mini. Ba don kin tambaya ba, na san ba za ki tambaya ba.

Shawarata a nan biyu ce. Ta farko, mutane ba kamar na'urarki ba ne, ba kowa ke riƙe da yawan abin da kika samu ba. Uwar da ta haife ki ma ta kasa. In kina da tambaya a aji ki yi. In aikinki ne wani zai ɗauka da sunansa ki buɗe baki cikin ladabi. In ba ki da lafiya ki faɗa, kada ki tsaya a bakin ƙofar kowa har ki yi fari. Ta biyu, wata rana ke za ki riƙe layi, ɗalibai ne ko ma'aikata ko 'ya'yanki. Ki yi yadda kika rubuta. In wuri ya buɗe, ki ɗaga kai ki wuce masu ƙara, ki nemi wanda ya yi shiru.

Ni ma na duba nawa layin, na ga wadda ta fi kowa ƙarancin samu. Na faɗa wa mata cewa daga yanzu duk Juma'a bayan la'asar injina a kashe yake. Ko gidan rasuwa ne ya kawo niƙa, babanku zai tayar da nasa. Zainab ta koya mini yadda ake kiran da ake ganin fuska, ta kuma san ba ita ba Auta a ɗakin a lokacin. Ba sai kina da labari ba. Ko shiru kike so mu yi, mun iya shi mu biyu. Ba za a yanka ba, ba za a sauke ki a ɗora wani ba.

Gobe in mota ta zo, mai yiwuwa a bakin zaure zan tsaya in ce Allah Ya kiyaye hanya, in koma ciki. Unguwa za ta fito, ni kuma har yanzu 'yar Dada ce. In kin karanta wannan za ki san me ke cikin wannan tsayuwar.

Babanku yana sa miki albarka. Zainab da Auta suna gaishe ki, Iya Habi ta ce a gaya miki tana yi miki addu'a, Maman Uche ta ce kada ki dawo da Hausar da ta fi tata lalacewa. Allah Ya tsare ki daga sharrin mutum da na aljan, Ya tsare miki addininki da lafiyarki, Ya buɗa miki abin da kika je nema, Ya dawo mana da ke lafiya.

Allah Ya yi miki albarka, Sa'adatu.

Ga shi na rubuta. Ɗazu kuma da na kashe injin, ɗakin ba kowa, na gwada shi a bakina a hankali, sau biyu. Ranar Juma'a in kin kira, da shi zan amsa.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rabi.